Layi huɗu da rawuta biyu a gida ɗaya: abin da na gani a aikin haɗa sabis na gidan ɗalibaina a Gombe

Gidan da wannan sharhi ya shafa gidan hayar ɗalibai ne mai ɗaki 28, wanda na gina da kuɗin sallamata bayan na ajiye alli, a wata unguwa da ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, kuma idan zangon karatu ya kankama samarin da ke kwana a cikinsa sukan haura 70, kowa da wayarsa, wani da biyu, wani har da kwamfutar cinya. Da rana ba na jin ƙorafin kowa, domin yawancinsu suna aji. Amma da zarar an idar da sallar isha'i, unguwa ta cika, kowa ya kishingiɗa ya buɗe data, sai sabis ya koma kamar famfo a tsakiyar rani: ga sanduna cike a fuskar waya, ga kuɗin data an biya, amma shafi ɗaya sai ya yi ta juyawa har mutum ya gaji ya kife wayar. Daren da na tarar da yara biyar a kan ƙarfen tankin ruwa, kowa ya ɗaga waya sama yana neman tura aikin da malami ya ba su kafin sha biyun dare, a daren na yanke cewa ko don gudun kada ɗan wani ya faɗo ya karye a gidana, tilas in nemi mafita.

Da farko na yi abin da kowa yake yi, wato na shiga kasuwa na sayo rawuta guda, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi, irin wadda ake zura wa sim a ajiye a kan tebur, na kafa ta a baranda na ba yara lambar shiga. A jikin kwalinta an rubuta cewa tana ɗaukar waya 32, amma tun kafin a kai can ta fara ɗaukar zafi tana sandarewa, sai an zare ta daga wuta an mayar sannan ta farfaɗo na ɗan lokaci. Na ƙaro ta biyu, sai na ga ashe ciwon na raba gida biyu, ban warkar da shi ba. Wani tsohon ɗalibina ne ya haɗa ni da wasu matasa uku masu ƙaramin kamfanin haɗa hanyoyin sadarwa a nan cikin gari, kuma a ƙarshen daminar 2024 suka yi mini aikin da zan yi bayani. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ba talla aka ba ni ba, kuma akwai wuraren da zan soki aikinsu.

Abin da ya fara sa na saki jiki da su shi ne ba su kawo mini lissafin kuɗi ba sai da suka yi dare biyu suna awo, kuma ba da hantsi suka zo ba, sai ƙarfe tara na dare, lokacin da ciwon yake tashi. Suka hau rufi da kwamfuta da sim na kamfanoni daban-daban, suna duba turken sadarwar da kowane layi yake kamawa, da zangon da yake kai, da tsabtar siginar da ke isowa. Babbansu, wanda ya taɓa aikin kula da turakun sadarwa kafin ya buɗe nasa, ya sauko yana karkaɗe gwiwar wando ya ce mini: "Baba, sandunan nan da kake gani a fuskar waya ƙarfin muryar turke kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa ne a gabanka a layi." Na ce masa: "Injiniya, zauna ka warware mini, domin ni ma kimiyya na koyar, kuma ba na son biyan kuɗin abin da ban gane ba."

Bayanin da ya yi, wanda daga baya na bi na karanta na tabbatar, shi ne cewa kowace fuska ta turke tana da faɗin zango ƙayyadadde, kuma a tsarin 4G zango guda ba ya wuce megahaz 20, wanda ake yanka shi gida 100. Sau 1,000 a cikin kowace daƙiƙa na'urar da ke gindin turken tana yanke wa za a ba wane yanki. Wayar da siginarta take da tsabta tana kwasar bayanai masu yawa a cikin yanki ɗaya, wadda kuwa take bayan bangon siminti biyu da rufin kwano sai an yi mata magana a hankali, wani lokaci a maimaita, don haka takan cinye rabo mai yawa ta samu abu kaɗan. Ke nan wayoyi 70 da ke cikin ɗakunan gidana, kowace tana kiran turke da shaƙaƙƙiyar murya, suna cutar kansu suna kuma cutar maƙwabta. A nan ribar farko ta aikin take, kuma ita ce wadda ba a cika faɗa wa mai saye ba: a maye gurbin raunanan muryoyi masu yawa da 'yan na'urori masu kaifin ji, waɗanda ke saman rufi suna fuskantar turke kai tsaye, sannan daga gare su a raba wa mutanen gida.

Abin da suka kafa bai da wani kwarjini a ido. Sun dasa ƙarfe a saman bene suka ɗaura modem huɗu irin na waje, wato na'urorin da ke kamo sabis daga turke, kowane da eriyarsa mai kallon wuri guda, biyu a kan layin kamfani ɗaya amma suna fuskantar turaku daban, sauran biyun kuma na wasu kamfanoni biyu. Daga kowane modem kebul guda ya sauko, yana kai wuta sama yana kawo bayanai ƙasa, zuwa wani akwatin ƙarfe da ke ɗauke da na'urar rarraba wayoyi da manyan rawuta biyu, daga nan kuma aka ja kebul zuwa na'urorin watsa waifai shida da aka manna a barandun sama da ƙasa. Batun wuta bai ba mu wahala ba, domin tun bayan da aka lalata turakun babban layin wutar Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, garin ya yi makonni cikin duhu, na riga na sa sola da batura da inbata, kuma abin da waɗannan na'urori ke ci gaba ɗaya bai kai na firji guda ba.

Modem ɗin da suka zaɓa su ne masu iya kama zango biyu a lokaci guda, kuma nan ma haɗin ƙarfi ne, sai dai a cikin iska ake yin sa. Ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin wayar salula na duniya, ta shigo da wannan dabara a ƙa'idarta ta 10 da ta fito a 2011, inda aka yarda a haɗe har zango biyar su zama megahaz 100. Modem mai kama zango ɗaya, irin na rawutar da na fara saye, iyakarsa a takarda megabit 150 ne a daƙiƙa, mai kama biyu kuwa 300. A Najeriya ana watsa 4G a zangunan megahaz 700 da 800 da 1800 da 2600. Na ƙasa suna tafiya nesa suna ratsa bango, na sama sun fi faɗi amma ba sa nisa, saboda haka na'urar da za ta riƙe ɗaya daga nan ɗaya daga can ta fi wadda ta rataya a guda samun abin yi idan ɗayan ya cushe. Waɗancan alƙaluma na jikin kwali dai ban taɓa ganin ko kusa da su a gidana ba, kuma injiniyoyin ba su taɓa ce mini zan gani ba, abin da na ɗauka a matsayin alamar gaskiyarsu.

Inda muka fi jan magana da su shi ne batun rawuta biyu, domin ita ce mafi tsada a cikin akwatin, kuma na ga kamar almubazzaranci ne a sayi biyu. Sai suka nuna mini cewa abin da ya kashe rawutata ta farko ba ƙarancin sabis ba ne kaɗai, har da ƙarancin ƙwaƙwalwa. Kowace waya, ko tana aljihu, tana buɗe zantuka da yawa da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan WhatsApp ko Facebook ko sauran manhajoji, kuma dole rawuta ta riƙe jadawalin kowane zance, ta san wanda ya aika da wanda za a mayar wa amsa, ta kuma jera su a layi. Idan zantukan suka kai dubbai, ƙaramar ƙwaƙwalwa sai ta rikice ko da hanya a buɗe take. Don haka suka raba aikin, ɗaya ta ɗauki mutanen sama, ɗaya ta ɗauki na ƙasa, kuma kowace tana sauraron numfashin 'yar'uwarta, ta yadda idan ɗaya ta yi shiru ɗayar za ta karɓi gidan duka. Ban yarda da baki ba, sai da na sa hannu na zare wutar ɗaya a gabansu, wani yaro yana kallon karatu a YouTube, hoton ya ɗan tsaya na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya ci gaba. Sharaɗin wannan tsari shi ne kowace rawuta ta kasance mai iya ɗaukar gidan ita kaɗai, wato a ranar da lafiya lau rabin ƙarfin da na biya yana zaune ba ya komai. Na yi gunaguni a kan haka a lokacin, amma yanzu na daina.

Ba waɗannan matasa ne suka ƙago dabarar ba, ɗan ƙaramin kwaikwayo ne na abin da manyan kamfanonin waya ke yi a cibiyoyinsu, kuma wanda ya fahimci na can zai san abin da ya kamata ya sa rai da shi a na gida. Lokacin da aka yi gwanjon lasisin GSM a watan Janairun 2001, inda aka sayar da kowane lasisi a kan dala miliyan 285, layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, amma zuwa ƙarshen 2023 alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun nuna layuka sama da miliyan 220. Babu na'ura guda, komai girmanta, da za ta riƙe wannan taro. A tsohon tsari kowane yanki ɗaure yake da na'urar musayar kira guda, idan ta cika yankin ya cika ko da ta maƙwabta tana hutawa, idan kuma ta faɗi yankin ya faɗi tare da ita. Daga baya aka koma tsarin da zan kira gayya, inda turke ɗaya yake haɗe da na'urorin kula da masu layi da dama, kowace ta sanar da gwargwadon abin da za ta iya ɗauka, sabon mai shigowa kuma a tura shi bisa wannan ma'auni. Tsarin 4G, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2008, da wannan aka gina shi tun daga tushe. Hatta a cikin akwati guda na irin waɗannan cibiyoyi, allunan sarrafa bayanai ake jerawa kamar littattafai a kanta, idan masu layi sun ƙaru a zura sabon allo, a kuma bar wani a jirace don ranar da ɗaya zai lalace.

Akwai ma wani mataki da ya wuce wannan, wanda kamfanin China Mobile ya gabatar a 2010, na a kwashe na'urorin sarrafa sigina daga gindin turaku a tara su a ɗaki guda su yi wa turaku da yawa aiki, bisa hujjar cewa cunkoso yawo yake yi. Duk mazaunin Gombe ya san wannan ba sai an ba shi labari ba: da rana Babbar Kasuwa da Tudun Hatsi da wajen ofisoshin gwamnati ne suke cika, da dare kuwa jama'ar nan ce dai take komawa Tudun Wada da Pantami da Bolari da Jekadafari da wayoyinta. Ƙarfin da aka kafa a wuri guda yakan yi rabin yini a banza, wanda aka tara a gayya kuwa yana bin mutane inda suka nufa.

Duk da haka akwai abin da haɗa na'urori ba ya yi, kuma da ba a yi mini hannunka-mai-sanda tun farko ba da na ce an cuce ni. Layi huɗu ba sa zama babban layi guda mai gudun ninki huɗu. Misalin da ya fi kama da shi shi ne keke huɗu a bakin tasha: fasinjojin da za a kwasa sun ninka, jira ya ragu, amma wanda ya shiga keke ɗaya ba zai isa Tumfure da sauri fiye da gudun keken da ya hau ba. Yaron da ke sauke babban fayil, a kan layi guda zai sauke shi, da gudun wannan layin. Akwai hanyar da ake yayyanka zance guda a watsa shi a kan layuka duka, amma tana bukatar wata saba a can wani gari da za ta sake ɗinke shi, da kuɗin haya duk wata, kuma sun ba ni shawarar kada in shiga, domin bukatata ita ce mutum 70 su samu abin da ya ishe su, ba mutum ɗaya ya yi tsere ba. Na ga wannan shawara ta rage musu ciniki, kuma sun ba da ita.

Sakamakon da na gani a zangon farko ya gamsar da ni. Hawa tankin ruwa ya ƙare. Tsakanin isha'i da sha biyun dare, lokacin da a da ko saƙon murya sai an yi ta jira, yanzu ana buɗe shafin jami'a, ana sauke takardun karatu, ana kiran gida da bidiyo ba tare da fuska ta daskare ba. Gwajin da ya fi kowane tsanani a wurina shi ne daren wasan zakarun Turai, inda rabin gidan ke kallon ƙwallo a waya. A irin wannan dare hoto yakan rage kyau, amma mai rubuta aikin makaranta a ɗaki na gaba ba ya tsayawa, domin an ƙayyade wa kowace waya iyakar abin da za ta ja a lokacin cunkoso, a kuma saki bayan tsakar dare. Wannan ƙayyadewa, a ganina, ta yi aikin da ya kai na modem guda, don kafin a sa ta mutum uku masu sauke fina-finai sun isa su shanye rabon kowa. Lambar shiga guda da kowa ya sani ita ma ba ta yi mako biyu ba ta isa teburin mai shayin bakin layi, sai aka koma bai wa kowane ɗalibi tikitinsa.

Matsala ta farko ta ɓullo tun a kwanakin farko, kuma ta tayar da hankali fiye da girmanta, domin ta shafi kuɗi. Yara suka fara kukan cewa manhajar banki tana korar su a tsakiyar tura kuɗi. Dalili shi ne kowane layi da adireshin da yake fita da shi a intanet, ita kuma rawuta tana jefa zance ɗaya ta wannan layi, na gaba ta wancan, sai banki ya ga mutum guda ya ɓullo daga wuri biyu a cikin daƙiƙa ɗaya, ya rufe ƙofa don kariya. Gyaran shi ne a ɗaure kowace waya a layi guda muddin tana kan aiki, wanda shi ne abin da manyan cibiyoyi ma ke yi, inda mai layi yake zama a hannun na'urar da ta karɓe shi. Sun gyara a yini ɗaya, amma ina ganin abu ne da ya kamata masu wannan sana'a su hango kafin ɗalibi ya tsaya yana zufa bai san ko kuɗin makarantarsa sun tafi ba.

Babban aibin aikin kuwa sai a cikin azumi ya bayyana. Wani dare bayan tarawihi layi biyu na kamfanoni daban suka ɗauke a daƙiƙa guda, nauyin gidan duka ya koma kan sauran biyun, su ma suka durƙushe domin duk unguwar can ta koma. Da gari ya waye aka bincika, sai ga shi eriyoyin kamfanonin biyu a jikin turke ɗaya suke, injin wutar turken ne ya tsaya, ya tafi da su tare. Wannan ba baƙon abu ba ne a tsarin sadarwar ƙasar nan, domin tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka miƙa dubban turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ita ce riƙe turaku da bayar da hayarsu, kuma turke guda yakan ɗauki kayan kamfani biyu ko uku, da injin wuta ɗaya, wani lokaci har da hanyar fita ɗaya. Tsari ne mai rage kashe kuɗi, ba laifi ba ne. Laifin da na gani na injiniyoyina ne, domin su ne suka hau rufi suka saita eriya biyu suna kallon kusurwa ɗaya, kuma wanda ya taɓa aikin turaku ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Ni na biya kuɗin layi huɗu ne a kan fahimtar cewa hanyoyi huɗu ne masu zaman kansu, ashe biyu daga ciki igiya ɗaya ta ɗaure su.

Da na faɗa musu haka ba su yi musu ba. Babban nasu ya ce: "Gaskiyarka, Baba, mun bi inda sigina ta fi ƙarfi ne, muka manta da ranar da turken zai kwanta." Suka ƙara tsawon ƙarfen, suka juya eriya ɗaya zuwa wani turke mai nisa, ni na sayi ƙarfe su kuma ba su karɓi ladan aiki ba. Layin nan yanzu shi ne mafi rauni a cikin huɗun a ranakun lafiya, amma sau biyu ke nan yana riƙe gidan a daren da na kusa suka yi shiru. Ko da haka na san iyakar abin: bayan turke akwai wayar fayiba da ke bin gefen titi, wadda masu aikin hanya da ɓarayi ke yankewa, bayanta kuma akwai wayoyin ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya, kuma babu yawan modem a saman rufin wani gida a Gombe da zai hana a ji irin wannan a jika.

Zafin bazara ya tona wani sakacin. Sun kafa akwatin a ƙarƙashin matakalar da rana ke duka daga azahar, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, rawuta ɗaya ta riƙa kashe kanta da la'asar. A nan ne rawuta ta biyun da na yi wa gunaguni ta biya kuɗinta, domin yara ba su ma san an yi ba, ni ne na ga fitilarta a mace. An mayar da akwatin ɗakin ajiya mai inuwa aka sa masa fanka, aka kuma koya wa mai gadi busa ƙurar hunturu daga ragarsa. Wayar kariya daga tsawa dai sun binne ta yadda ya kamata tun ranar farko, kuma damina guda ta wuce ba mu rasa komai ba.

Ta fuskar kuɗi, kayan da aikin sun ci abin da ya kai hayar ɗaki huɗu ta shekara, mafi yawa a modem da rawuta, waɗanda farashinsu ke bin dala. Amma wannan sau ɗaya ake biya. Mai ci kullum shi ne data. Duk tsarin da aka ce ba shi da iyaka, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin akasari akwai adadin da idan an kai shi ake rage gudu, kuma gida mai mutum 70 yana isa wannan adadi tun wata bai raba ba. Injiniyoyin sun kimanta mini abin da za mu riƙa sha, amma kimarsu ta gaza nesa ba kusa ba, saboda mutum idan ya samu hanya a buɗe yakan ninka abin da yake ja a da. Ana cikin haka NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, lissafin da na yi da farko ya rushe, sai da na zauna da wakilan ɗaliban muka sake yanka abin da kowa zai riƙa bayarwa a zango. Duk da ƙarin, abin da kowannensu ke biya bai kai abin da yake kashewa shi kaɗai a da ba, shi ya sa ba a kai ruwa rana ba.

Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne kula da abokin ciniki bayan an gama aiki. Sun tafi ba su bar mini ko takarda guda da ke nuna wane kebul ne ya tafi ina ba, kuma kalmar sirrin shiga rawuta tana kan mutum ɗaya a cikinsu, wanda ya tafi garinsu hutun Babbar Sallah a daidai lokacin da wani sim ya daina aiki, muka yi kwana huɗu da layi uku. Tsarin da aka gina don kada faɗuwar na'ura ɗaya ta tsayar da gida, bai kamata a rataye shi a wuyan mutum ɗaya ba. Sai da na matsa sannan suka zana mini taswirar haɗin, suka manna wa kowane kebul lamba, suka rubuta kalmomin sirri a ambulan da ke cikin durowata yanzu. Waya kuwa suna ɗauka, kuma suna da ladabi, amma "ga mu nan zuwa" a bakinsu tana iya kaiwa gobe da yamma.

Ɗalibai sukan tambaye ni dalilin da ya sa ba a sa 5G ba, tunda sun ji ana yabonsa. Gaskiya ne cewa zangon megahaz 100 da kamfanonin MTN da Mafab suka saya kowannensu a gwanjon Disambar 2021, a kan dala miliyan 273.6, ya ninka zangon 4G guda sau biyar, amma yana kan gigahaz 3.5 ne, wato megahaz 3500, wanda ba ya nisa kuma ba ya son bango, kuma a awon da aka yi a saman rufinmu ba a kama shi ba. Akwatin dai an bar masa gurbi, duk ranar da ya iso modem ɗaya za a sauya.

Wanda ke da gidan ɗalibai, ko makaranta, ko rukunin shaguna da mutane da yawa ke rububin sabis a lokaci guda, wannan aiki zai amfane shi, kuma waɗannan matasa sun iya shi, in dai zai tsaya a kansu ya tambayi turken da kowace eriya ke kallo, ya ga inda za a ajiye akwati da idonsa da tsakar rana, ya kuma karɓi taswira da kalmomin sirri kafin ya cika kuɗi. Mai gida da iyalinsa kaɗai kuwa ba ya bukatar duk wannan, modem guda na waje mai kyakkyawar eriya ya ishe shi. Ni a nawa ɓangaren, abin da ya rage tsakanina da su shi ne hanya ta biyar wadda ba ta bi ta turke ba sam, ko fayiba idan ta iso layinmu, ko kwanon tauraron ɗan'adam irin na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Sun ce rawutocin za su ɗauka ba sai an sauya komai ba, na ce su kawo mini lissafin a rubuce, tare da yarjejeniyar da za ta faɗi awa nawa za su ɗauka kafin su iso idan na kira, kafin ɗalibai su dawo hutu.